Mai Rainon Marayun Na'ura

Ku matso. Ke Ladidi, ajiye wayar nan ko in fasa.

A Gusau akwai wani ofis da ke tura wa manoma saƙon waya, a faɗa musu ranar da ake sa ran ruwa. Ma'aikata biyu ke rubuta wa na'ura umarni, Dayyabu da Tasi'u. Dayyabu ne ya koya wa Tasi'u aikin tun bai san inda ake kunna kwamfuta ba.

To, ga yadda aikin yake. Mutum zai rubuta babban shiri, shi ake kira uwa. Uwar ta haifi ƙananan shirye-shirye, kowane ɗa ya ɗauki ƙauyensa ya je ya raba saƙo. Ita kuma ta zauna jira, sai kowa ya dawo ya ce ya gama sannan ta rufe. Kamar dai yadda Inna ba ta sa sakata sai ta ga kanku duka.

Rannan oga ya ce shirin Tasi'u za a gwada, in saƙo ya kai kowane ƙauye kafin safiya, shi zai shugabanci ɗakin na'ura. Dayyabu ya ce, "Allah ya sanya alheri," amma a baki kawai. Yaron da ya raina ne zai koma yana ce wa ranka ya daɗe? Hassada ta hana shi ko cin abincin rana.

Da aka kira magariba kowa ya tafi masallaci. Dayyabu ya tsaya. Ya duba allon kwamfuta, ga uwar shirin Tasi'u ta haihu, yara sun bazu. Kowane shiri da lambarsa a na'ura, sai ya nemo lambar uwar ya kashe ta. Ya bar yaran a waje, da almuru, lokacin da ko akuya ake korowa gida.

Fankar na'ura ta yi shiru.

Sai ya ji ƙanshin turaren wuta. Ƙofa a kulle take, makulli na aljihunsa. Amma ga wata tsohuwa a bayansa, da lulluɓi baƙi da zanin goyo a kafaɗa.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga cikin akwatin na'ura ta fito.

"Yawwa, Baba. Wa kike nema?"

"Uwar yaran can."

"Ta... ta mutu."

"Da kanta?"

Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. A nan ya ga ƙafafunta. Dugadugai a gaba, yatsu suna kallon ƙofa.

"Ba a barin yaro a waje da magariba," in ji ta. "Ba a faɗa maka ba?"

Ta sauke zanin goyon daga kafaɗa.

"Zan goya su. Aikina ke nan. Amma raino da lada." Ta shimfiɗa zanin a kan allon. "Daga yau, duk ɗan da na'ura ta haifa ta hannunka, nawa ne."

Ta naɗe zanin, ga shi ya yi nauyi, yana motsi. Ta saɓa a baya ta bi ta bango. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Da safe saƙo ya kai kowane ƙauye, har waɗanda ba a taɓa samun layinsu ba. Oga ya miƙa wa Tasi'u makullin shugabancin ɗakin na'ura. Tasi'u kuwa ya tsura wa allo ido, ya ce, "Yaya Dayyabu, zo ka gani. Uwar ta mutu tun jiya, amma yaran sun gama. Lambar wadda ta riƙe su ma babu ita a na'urar nan. Wace ce?"

Dayyabu ya ce bai sani ba.

Tun daga ranar, in ya rubuta shiri, uwa za ta haihu lafiya, yara su fita. Ba wanda ke dawowa. Haka za ta yi ta jira har a kashe wuta. Ya canja kwamfuta, ya canja ofis, ya sha rubutu, duk a banza. Ƙarshe Tasi'u ne ya ji tausayinsa ya dawo da shi, yanzu Dayyabu ke goge ƙurar na'urori. Kullum da safe sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe," kuma har yau kalmar ɗaci take masa.

Kai Bashari, da kake karatun kwamfuta, ka ji dai. In an kira magariba, tashi ka bi mutane. Kada ka zauna kai kaɗai da na'ura. Ku je ku kwanta, na ƙarshe ya sa sakata.