Haƙori na Bakwai

Wata Laraba a 2016 na sauka Gummi da la'asar sakaliya, don in saita wa Arzika kafinta sabon injin sassaƙa, irin wanda kwamfuta ke tuƙawa. Aikin ba wuya. Kowane haƙorin yanka sai ka rubuta faɗinsa da zurfin da zai ci a jerin da ke cikin kwamfuta. Sannan ka nuna wa injin fuskar katako: ka shimfiɗa takarda, ka dafe ta da hannu, ka riƙa sauko da haƙorin a hankali har ya kama ta.

Haƙora shida ya saya. Na gama da biyar, saura mai tsini na rubutun ƙofa. Na ga wani faffaɗan katakon maɗaci jingine a bayan shago, na ɗora shi a kan injin.

Arzika ya dawo daga alwala, ya tsaya cak.

"Malam Mu'awiya, wanga ba na aiki ba na. Na gindi na. In anka ka da babban icce, na gindi akan bar ma masu wurin. Shitu mai zarto yam mance yal lodo shi daga Adabka. Gobe za a mai da shi."

"Gwaji ne kawai," na ce. "Su masu wurin milimita nawa suke so a rage musu?"

Bai yi dariya ba. "Kak ka sa mishi ƙarfe," ya ce, ya nufi masallaci.

Ni kuwa shekara huɗu na yi a kwalejin fasaha, ba a taɓa kawo mana wannan a jarrabawa ba. Na ɗaura haƙorin, na koma kan kwamfuta.

Jerin ya zama bakwai.

Na bakwai ba shi da suna. Zurfi kawai: milimita ashirin da tara. Na goge. Ya dawo. Na ce tsohuwar kwamfuta ce, na shimfiɗa takarda, na dafe.

Janareta ya yi tari biyu, ya mutu.

Shiru. Ko kiran salla na daina ji. Sai wari ya taso, na ɗanyen icce da laka, alhali katakon ya bushe ƙamas.

Takardar ta motsa a ƙarƙashin yatsuna. Ana jan ta. Ƙasa, cikin katakon.

Na ja hannu. Ya ƙi tashi.

Kan injin ya yi ƙara, ƙiii, ya gusa. Ba wuta. Ya tsaya daidai bayan hannuna.

Haƙorin ya fara juyawa.

Wani ya yi raɗa dab da kunnena, numfashinsa da sanyi.

"Gwaji na kawai."

Iskar haƙorin ta taɓa gashin hannuna.

"Salamu alaikum, masu wuri!" Arzika ne a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. "A yi haƙuri. Baƙo na, bai sani ba. Da safe za a kai muku abinku."

Hannuna ya saku. Na faɗi ta baya cikin garin katako. Haƙorin ya nutse inda hannun yake, har hayaƙi ya tashi.

Washegari aka kai katakon Adabka a kan babur. Ni na riƙe shi a baya, don hanyar ba kyau, ba don wani abu ba. Na bayyana wa Arzika cewa inji kan ajiye ragowar wuta a cikinsa. Ya ce, "To, Malam."

Da na koma gida Anka na ɗauko ma'aunin kauri na auna hannuna na dama, daga baya zuwa tafi. Milimita ashirin da tara.

Har yau ina ganin dacewa ce kawai. Sai dai yanzu da doguwar takarda nake saiti, daga nesa, kuma nakan yi wa katako sallama. Ladabi ba ya ɓata inji.