Tabaran Baba Ɗanliti

Ƙarfe goma na safe ne, rana ta fito tas bayan ruwan jiya, motocin sama na wucewa ta kan garin Kura ba ƙara ba hayaƙi. A mabuga kuwa, Baba Ɗanliti yana zaune gaban gungume, yana dukan turkuɗi da gudumar itace kamar yadda ya gada.

Idanunsa sun mutu shekara shida ke nan. Da tabarau yake gani, masu ɗaukar hoto su aika masa cikin ƙwaƙwalwa. Babbar manhajar da ke cikinsu sunanta Gayya, ba ta kowa ba ce, duk mai iyawa sai ya buɗe ya gyara. To amma da zarar zane ya ɗauki ƙyalli, sai tabaran su daskare, duhu ya rufe shi. 'Ya'yansa sun ce in aka sake, ya bar sana'ar.

Shi ya sa aka kira Sahura mai gyara. Ta zauna gefen tabarma, ta buɗe kundin kurakuran tabaran a allon na'urarta.

"Baba, direban hoto ne ke faɗuwa."

"Har direba gare su? To ki ce masa ya daina barci a kan aiki."

Ta yi dariya, don direban nan ƙaramar manhaja ce mai sarrafa hoto. Ta mayar da tsohon direba, ya faɗi. Ta rage haske, ya faɗi. Ta sauya katin hoto ma, duk ɗaya. Ba ta yi tsaki ba. Sai ta ajiye allon, ta ɗauki zanen ta karkata shi a rana. Shuɗi ne, sai ya koma ja-ja, sai baƙi mai sheƙi kamar bayan ƙwaro.

"Baba, wane launi ne wannan?"

"'Yar nan, wa ya taɓa tambayar turkuɗi launinsa?"

Nan ta gane. Waɗanda suka rubuta direban sun so hoto tsaf, kowane abu da launinsa guda. In direban ya ga ƙyallin sai ya ɗauka kuskure ne, ya yi ta gyara, ya yi ta gyara, har numfashinsa ya ƙare. Layi tara ne a cikin rubutun direban suka ɗauki wannan aikin. Sahura ta goge su, ba ta ƙara komai ba.

"Duba yanzu."

Tsoho ya ɗaga zanen. Ya juya shi dama, ya juya hagu.

"Gefen nan bai bugu ba," ya ce, ya jawo gudumarsa.

Bai ƙara waiwayarta ba. Sahura ta haɗa kayanta. Da za ta tashi ta ga bakin zanen yana jan ƙasa, sai ta ɗage shi ta ɗora kan tabarma, ta fita.