Lamba Bakwai

Akwatin muryar Inna ne ya fara nuna alamar akwai matsala. Tun rasuwarta yake ajiye a kan kanta a falon gidan, yana gaida mutane da irin muryarta, yana yi wa yara faɗan barin takalmi a ƙofa. Amma da hantsin nan sai ya tsaya a tsakiyar magana, ya ce, "Ƙara ɗumi. Ƙara iska." Can ya sake maimaitawa.

Barira, jikar Inna, ta ajiye kofin shayinta ta matso. Ikon Allah! Ita ce injiniyar da ta tsara sadarwar gidan nan nasu na gado, mai hawa tara a birnin Sabon Rafi, kuma ta san babu waɗannan kalmomi a cikin abin da aka naɗa daga bakin Inna. To daga ina akwatin ya samo su?

A gidan, kowace na'ura tana da adireshin IP, wato lambar da saƙo ke bi ya same ta. Wata na'ura da suke kira mai-rabo ce ke tsare da lambobin. Barira ta kasa su kashi-kashi: na farko na dattawa, na tsakiya na famfo da firiji da butum-butumin shara, na ƙarshe na baƙi. Doka ɗaya ce ba a takawa: na'ura biyu ba sa zama a lamba ɗaya. In sun zauna, saƙon wannan sai ya faɗa hannun waccan.

Ta buɗe allon mai-rabo, ta bi sawun saƙon cikin zumuɗi, don ita irin wannan ruɗani daɗi yake mata. Daga asibiti yake fitowa, yana neman lamba bakwai, lambar Inna. Me asibiti zai nema wurin matacciya? Nan fa murmushinta ya ɗauke.

Jiya aka dawo da jaririyar gidan daga asibiti, bakwaini ce, a cikin kwalbar da ke ba ta ɗumi da iska bisa umarnin likitoci daga nesa. Jikar Baffa Ɗanlami ce, ƙanin mahaifin Barira, kuma sunan Inna ta ci.

Ta same shi a bakin ɗakin mai jego. Fitilar kwalbar tana ta ƙyafta ja, uwar tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Baffa, wace lamba ka ba asibiti suka sa wa kwalbar nan?"

"Bakwai mana," ya ce, ko a jikinsa. "Ta gaji sunan Inna, ba sai ta gaji lambarta ba? So kike in ajiye uwata a layin firiji?"

"Haba Baffa! Ai akwatin Inna yana kan bakwai har yanzu. Umarnin likita shi yake karɓewa. Yarinyar nan sanyi ke shigarta."

"To canza mata wata."

"A asibiti aka kulle lambar a jikin kwalbar. Kafin a kai ta a dawo, jaririyar ba za ta jure ba."

"Canza wa Inna, to."

Barira ta sunkuyar da kai. Wannan ne abin da ba ta so a zo. Akwatin tsohon ƙira ne, ba ya karɓar sabuwar lamba sai an kashe shi, kuma muryar tana zaune ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Shi ya sa ba a taɓa kashe shi ba. Ta faɗa masa haka, ba ta ɓoye komai ba.

Baffa ya tafi falo, tana biye da shi. Dattijo ne mai taurin kai, wanda ya sayar da gonarsa ya sayi akwatin nan don kada mutuwa ta raba shi da uwarsa. Ya durƙusa a gabansa kamar yadda yake yi kullum da safe.

"Inna, ina kwana?"

"Ɗanlami, ka karya kuwa?" in ji muryar. Sai ta sarƙe. "Ƙara ɗumi. Ƙara iska."

Wallahi Barira ta ji tausayinsa har cikin ranta. Ta miƙa hannu za ta ɗauke masa nauyin, ya riƙe wuyan hannunta.

"Bari. Ni ne ɗanta."

Ya yi bisimilla, ya zare wayar wutar akwatin.

Falon ya yi tsit. A allon mai-rabo, lamba bakwai ta koma ta na'ura ɗaya. Can sai uwar ta ɗaga murya daga ɗaki tana cewa fitila ta zama kore, jaririyar kuma ta tsala wani ɗan siririn kuka.

Baffa bai tashi ba. Yana riƙe da wayar, hawaye na bin gemunsa.

"Barira," ya ce, "ashe sai yau na binne ta."

Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe da ƙyar, ya nufi ɗakin da kukan ke fitowa.