Baƙin Tabarau a Falon Baba

Ranar da Auta ta fara shiga shagon nan, ba soyayya ta je nema ba. Hannun tabarau ɗin Baba ne ya karye, aka aike ta gyara.

Shagon ɗan ƙarami ne, madubi ta ko'ina, ga tabarau jere a bango. Saurayin da ke bayan kanta ya karɓa, ya jujjuya, ya ɗago ya dube ta ta cikin farin gilashinsa mai kauri.

"Wallahi wannan tabarau ya girme ki."

"Malam, gyara na kawo, ba tarihi na zo ji ba."

Ya yi dariya, ita ma ta kasa riƙe tata. Ikon Allah, tun daga ranar nan tabarau ɗin Baba bai ƙara lafiya ba: yau ya yi sako-sako, gobe ya karkace. Mama dai kallonta kawai take tana murmushi.

Saƙonsa kuwa kullum sai ya shigo. "Hasken idona, duk yini ina gyara wa mutane gani, ni kuwa ke kaɗai nake son gani."

"Daɗin baki dai, Mai Tabarau," take mayar masa, alhali ta karanta ya fi a ƙirga.

Ranar da zai zo gaida Baba, da rana tsaka ya iso, ana ƙwalla rana. Gilashinsa irin wanda ke yin baƙi ne in ya sha rana, sai an ɗan jima a inuwa yake washewa, kuma in ya cire shi ko fuskar mutum ba ya rarrabewa. Haka ya shiga falo ya durƙusa, idanunsa a rufe da baƙi wuluk. Baba ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya tashi ya shige ɗaki tun kafin gilashin ya washe.

"Yaron da zai gaishe ni da baƙin tabarau a falona?" in ji Baba daga baya. "Ba da 'yata ba."

Auta ta yi bayani har da hawaye. Baba ya ce ai mai girman kai ba ya rasa uzuri.

Shi ke nan, Baba ya riga ya yanke hukunci, abin da ya rage masa tara shaida ne. In Mai Tabarau ya yi shiru, girman kai ne. In ya yi magana, rashin kunya ne. Ya aiko da tsaraba, aka ce nuna isa yake. Ga kuma ɗan abokin Baba, wani ma'aikacin banki da ya iya gaisuwa tun zuwansa na farko. Shi in ya saɓa alkawari, sai Baba ya ce, "Aiki ne ya yi wa yaron nan yawa." Har ya fara maganar a sa rana.

Auta ta rame. Takan tsaya a taga tana kallon titi, duk mai tabarau da ya gifta sai ta ɗauka shi ne. Ta yi kewarsa, kewa mai ciwo, irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Ga saƙonninsa sun gajarce. "Ya kike?" "Allah ya tashe mu lafiya." Sai ta sa a ranta cewa ya gaji da ita, daga nan kuma komai ya zama hujja. In ya yi jinkirin amsa, ta ce ya samu wata. In ya amsa da wuri, ta ce so yake ya sallame ta.

"Ke da ubanki duk ɗaya kuke," in ji Mama. "Abin da kuka sa a rai shi kaɗai idonku ke gani."

A makon ne likita ya ce hasken rana na wahalar da idon Baba, ya rubuta masa sabon gilashi. Mama ta yafa mayafinta ta kai takardar shagon Mai Tabarau da kanta, ba ta gaya wa Baba inda za ta ba. Da ta dawo ta zauna kusa da Auta.

"Yaron nan ya fi ki ramewa. Bai ma bari na zauna ba yake tambaya ko kina cin abinci."

Da yamma saƙo ya shigo. "Hasken idona, na rage magana ne don kada in shiga tsakaninki da Baba. Nakan rubuta mai tsawo in goge. Ina nan inda kika bar ni."

Auta ta kifa fuska a filo ta yi kuka, rabi na daɗi, rabi na kunya.

Baba kuwa ya ji daɗin sabon tabarau, yana ta cewa rana ta daina damunsa. Ranar da zai je gaida Gwaggo, yayarsa da ta raine shi, Auta ce ta raka shi. Suka sha rana a hanya, ya shiga ɗakin ya rusuna yana gaisuwa. Gwaggo ta ƙura masa ido.

"Au, girman ya kai haka? Ni za ka gaisar da baƙin tabarau?"

"Baƙi kuma, Yaya?"

Ya cire da sauri ya duba. Baƙi wuluk. Ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo, a hankali baƙin ya dinga gushewa har gilashin ya koma fari tas. Gwaggo dai na ta faɗa.

Sai da suka kusa gida ya yi gyaran murya.

"Auta, ni an ba ni damar in cire in duba. Shi ban ba shi ba." Ya mayar da tabarau ɗin fuskarsa. "Ki ce wa yaron nan ya zo gobe. Da rana tsaka."

Ya zo, kuma Baba bai tashi ba har gilashin ya washe, suka ga idon juna. Ɗan abokin Baba aka ba shi haƙuri, ya kama gabansa.

Ranar ɗaurin aure aka ɗauki hoto a tsakar rana, ango da surukinsa kowa da baƙin tabarau, Mama na dariya har da riƙe ciki. Baba ya dafa kan Auta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. In kun ga baƙi a fuskar juna, ku ɗan jira tukuna."

Auta ta ce amin, ta saci kallon angonta. Gilashin bai washe ba tukuna, amma ta san ita yake kallo.