Abin Da Ya Kashe Karla

Asta na durƙushe cikin laka tun hantsi, kan saniyar a bisa cinyarta, ruwan sama na dukan bayanta, ita ko a jikinta. Karla ce kwance, jar saniyar nan mai farin goshi, cikinta ya kumbura tim kamar ganga, numfashinta na fita da ƙyar. Yarinyar ta shafa wuyanta, ta kira sunanta, ta roƙe ta kamar yadda ake roƙon mutum. "Karla, tashi mana! Don Allah ki tashi, ga 'yarki can tana kuka... Wayyo Allah, kada ka karɓe min ita, ita kaɗai ta rage min!" Ba ƙarya ta yi ba. Shekara shida ke nan da motar iyayenta ta zame a kan ƙanƙara a hanyar gari, aka dawo da su biyun a akwati, aka bar ta tana 'yar shekara goma sha uku a hannun kakanta, Verner, da gwaggonta, Bodil. Abin da uwarta ta bar mata da ke numfashi shi ne wannan saniya, wadda ta raina da kwalba tun tana maraƙa. Kafin motar likitan dabbobi ta iso ƙofar gona, Karla ta miƙe ƙafafu, ta yi wani dogon nishi, shi ke nan.

Duk wanda ke zaune a wannan gefe namu na yammacin yankin Jylland, can ƙasar Turawa, ya san gonar Kaka Verner. Shanu goma sha bakwai ne, da kaji a cikin ɗaki mai taya da ake ja a bayan shanun, da 'yan tumaki. Shekara talatin ba a zuba takin zamani a ƙasar nan ba, ba a yi feshi ba, kuma shanunsa ba su san komai ba sai ciyawa, ɗanya da bazara, busasshiya da hunturu. Takardar shaidar hukuma a kan haka tana rataye a ɗakin girki, kusa da hoton marigayiyar matarsa, kuma ni dai ban san wanne ya fi share wa ƙura ba. Aikin gidan a rabe yake. Asta ke tatsa, ita ke kiwo, ita ke kaji da kai ƙwai gari bayan abincin rana. Gwaggo Bodil kuwa cuku take yi a ɗakinta mai farin tayil, ta sayar a ɗan shagon bakin hanya. Ba ta taka makiyaya, ko da wasa. "Ni da saniya? Allah ya kiyaye! Tun ina yarinya wata ta take ni, har yau idan na ji warinsu amai nake ji." Haka take faɗa wa duk mai saye, tana toshe hanci, alhali da nonon nasu take tinƙaho.

Likita Thorup ya buɗe cikin saniyar a bayan rumbu, Kaka Verner na tsaye da sandarsa, Asta ta juya baya. Can sai likitan ya ɗago hannunsa cike da wani abu mai ruwan ƙasa, jiƙaƙƙe, mai tsami, ya miƙa wa tsohon. "Verner, wannan fa ba ciyawa ba ce. Dusar kanti ce, irin mai zaƙin nan da ake curawa ƙwaya-ƙwaya. Ta ci ya fi bokiti guda a tashi ɗaya, cikin da bai saba ba kuwa ba ya ɗauka." Tsohon ya ja da baya kamar an mare shi. "Dusar kanti? A gonata? Thorup, ka dai sake dubawa!" Likitan ya girgiza kai. "Na duba. Kuma ka san dole na kai rahoto, ba ni da yadda zan yi." Asta ta juyo, baki buɗe, hawaye ya tsaya mata cak don tsananin mamaki. Dusa? Daga ina? Wa ya ba ta?

Gwaggo Bodil ta fito daga ɗakin cuku tana goge hannu, ta ji abin da aka ce, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Baba, dama na faɗa a raina, nonon nan da ya ƙaru wata biyun nan ba banza ba! Ni ina murna, ashe cin amana ake yi mana!" Ta juya ta zuba wa Asta ido. "To, wa ke shiga wajen shanu a gidan nan? Ni ce? Ko Baba da ke bin bango?"

"Gwaggo!" Asta ta faɗa da wata irin murya. "Gwaggo, me kike nufi? Ni zan kashe Karla? Ni?"

"Ban ce kin yi niyya ba, 'yar nan. So kike a ce kin fi ubanki iya kiwo, shi ke nan. A je a duba ɗakin maruƙa mana, ai ke ce mai makullinsa."

Aka je. A bayan damin busasshiyar ciyawa, ƙarƙashin tsohuwar tamfol, sai ga buhu uku, biyu babu komai, ɗaya rabi. Asta ta ƙwalla ƙara, ta zube a gaban kakanta, ta riƙe ƙafarsa. "Kaka, na rantse da Allah ban taɓa ganin buhunan nan ba! Jiya da yamma na ɗebi ciyawa a nan, babu komai! Kaka, ka dube ni, ni ce fa Asta!" Bai dube ta ba. Buhun yake kallo. Ya zare ƙafarsa a hankali, ya fita.

Daga nan masifa ta riƙa zuwa a jere. Jami'ar hukuma ta zo, ta ɗauki hoton buhunan, ta dakatar da takardar shaida. Da hannunsa Kaka Verner ya sauke ta daga bango, ya kifa ta a kan tebur, ya zauna yana kallon farin gurbin da ta bari. Labari ya zaga ƙauye kafin kofi ya huce, don Bodil ba ta bar mai saye ko ɗaya ya fita bai ji ba, tana yi tana share ido da gefen rigar aikinta. Ranar Lahadi a coci, bencin da Asta ta zauna ya zama nata ita kaɗai. Matan da ke karɓar ƙwai a hannunta suka leƙo ta taga suka ce sun gode, suna da saura. Mu ma maƙwabta, da kunya nake faɗa, mun yarda. Mun ce marainiya ce, ba uwa a kusa, wa ya san abin da ke ranta? 'Yar maraƙar Karla kuma ta ƙi kama kwalba a hannun kowa sai nata, tana kuka dare da rana, Asta na rungume da ita suna yi tare. "Ya Ubangiji, kai ka ga abin da ya faru. Ba ni da baki, ba ni da mai tsaya min... ka tsaya min."

A rana ta biyar, suna cin baƙin burodi da dankali, Kaka Verner ya ajiye cokali. "Asta, na yi magana da ƙanwar uwarki a birni. Ta ce ki zo. Akwai motar ƙarfe biyu gobe."

"Korata kake yi, Kaka?"

"Hukuma ta ce sai sun tabbata wanda ya yi abin ba ya taɓa dabbobin nan." Ya sunkuyar da kai. "Da kin ce min kin yi kuskure, da na yafe. Ƙaryar ce na kasa haɗiyewa."

"Ai gara haka, Baba," in ji Bodil, tana shafa man shanu a burodinta har gefe-gefe. "Birni zai fi mata. Can babu abin da za ta kashe."

Washegari aka tashi da yayyafi. Asta ta ɗaure 'yar jakarta, ta sa takalmin ruwa na uwarta, ta roƙi abu ɗaya: a bar ta ta yi sallama da shanu. Tsohon ya raka ta har cikin makiyaya, yana dogara sanda. Ta kira su da kiran da ta saba, suka taho a natse, ɗaya bayan ɗaya, suka kewaye ta, wannan na lasar hannunta, waccan na goga kai a kafaɗarta. Ta bi su da suna tana kuka, tana ce wa kowacce ta yi haƙuri.

To, abin da Bodil ba ta lissafa ba shi ne, idan ta kori mai ba kaji abinci, aikin a kanta zai faɗo. Ɗakin kajin kuwa a ranar yana can ƙarshen makiyaya, siririyar waya ce kawai tsakaninsa da shanu. Ƙarfe ɗaya da rabi ta fito tana ƙunƙuni, sanye da rigar ruwanta mai ruwan ɗorawa, da bokitin ƙarfe cike da hatsin kaji. Ta bi gefen waya tana sauri, hatsin na kacau-kacau a cikin bokiti. "Ke Asta! Mota za ta wuce ki, kina nan kina wa dabbobi wa'azi!"

Kunnuwan shanu goma sha shidan nan suka miƙe a lokaci guda. Babbar saniyar da ke lasar hannun Asta ta ɗaga kai, ta saki wani irin kuka da ba a taɓa jin ta yi ba. Sai ƙasa ta ɗauki rawa! Garken nan kaf ya juya wa yarinyar baya ya kwasa da gudu, wutsiyoyi a sama, laka na tashi, suka nufi rigar ruwan ɗorawa. Asta ta tsaya hannu a miƙe, babu kowa a gabanta. "Wayyo... har ku ma? Har ku kun guje ni?" Ta durƙushe tana shessheƙa. Amma Kaka Verner bai ji ta ba. Idonsa na kan shanun, sandarsa ta faɗi bai sani ba.

Shanun suka tsinke waya kamar zare, suka rufe Bodil ta ko'ina. Ba tunkuri suke yi ba, roƙo suke yi! Wannan ta cusa baki cikin bokiti, waccan na jan aljihun rigar, wata na lasar fuskarta. Bodil ta kurma ihu, ta zame, ta faɗi zaune cikin kashin shanu, bokiti ya yi gefe. "Ku tafi! Ku tafi, 'yan banza masu haɗama! Babu! Na ce muku babu, ya ƙare! Ke Frida, matsa can, ke ce kullum mai ture 'yan'uwanki!"

Tsohon ya iso da ƙafarsa, ba sanda, yana haki. Ya daka wa shanun tsawa suka dare. Ya tsaya a kan 'yarsa yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. "Bodil. Shekara saba'in ina cikin shanu. Saniya tana zuwa wajen mai kiwonta da tafiya. Gudu kuwa, wajen mai ba ta zaƙi take yi." Ya sunkuyo kanta. "Ke da ba kya shiga makiyaya, a ina kika san Frida? A ina kika san tana ture 'yan'uwanta? Mene ne ya ƙare?"

Bodil ta dubi shanun da har yanzu ke zagaye da ita suna jira, ta dubi Asta da ta taso tana tangaɗi, sai ta fashe da kuka. "Baba, nonon ne ba ya isa! Gasar cuku na zuwa, ina so sau ɗaya a kira sunana, ba na ɗan'uwana da ke kabari ba, ba na 'yarsa ba! Idan ka kwanta barcin rana, ita ta tafi kai ƙwai, sai in zaga ta bayan itatuwa in zuba musu kaɗan... kaɗan ne fa! Ran nan na ji motar mai saye, na bar bokiti biyu a ƙasa na ruga, Karla ta riga sauran... Ban yi niyya ba, Baba!"

"Buhunan fa? Su ma da kansu suka shiga ɗakin maruƙa?"

Asta ta toshe baki da hannu biyu. "Gwaggo... kina kallo ina kuka a kanta. Kina kallo aka sa min sunan maƙaryaciya. Me na yi miki, Gwaggo?"

Kaka Verner, mutumin da bai yi hawaye a bainar jama'a ba ko ranar da aka binne ɗansa, ya sa gwiwoyinsa biyu a laka a gaban jikarsa. "Na yarda da buhu, na ƙi yarda da ke. Ki yafe min, 'yar ɗana. Ki yafe wa tsohon wawa." Ta yi sauri ta ɗago shi, ta rungume shi, suka yi ta kuka, shanu na tsince hatsin kaji a gefensu ba ruwansu.

Motar ƙarfe biyu ta wuce ranar babu kowa. Ta washegari ce ta ɗauki fasinja, Gwaggo Bodil, da akwati biyu, kuma ba wanda ya raka ta bakin hanya. Kafin ta tafi sai da ta maimaita maganarta a gaban jami'ar hukuma da Likita Thorup, ta ajiye makullin ɗakin cuku a kan tebur. Mu da muka bar wa Asta benci, muka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya da kek a hannu, muna kame-kame, ita kuwa ta dafa mana kofi ba ta yi mana gori ba, abin da ya ƙara mana kunya. Sai da ciyawa ta sake fitowa sabuwa kafin a maido da takardar shaida, kuma da ta dawo, suna biyu ne a jikinta, na Verner da na Asta. Tsohon ya miƙa mata ita da guduma, ya ce ita za ta rataya.

Da ta gama, ta fita makiyaya. 'Yar Karla ta zama karsana, ja mai farin goshi kamar uwarta. Asta ta tsaya a bakin shinge, hannunta babu bokiti, babu komai, ta kira sau ɗaya. Karsanar ta ɗaga kai, ta taho a natse, da tafiya, har ta iso ta ɗora goshinta a ƙirjin Asta.