Dutsen Taimamar Inna

Ana cikin kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufin gida. Matar gidan tana kwashe shanya, ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu bai bi ta sama ba. Daga cikin gida ya fito, ya ratsa tsakar gida a hankali, ya sauka gaban maigidan yana alwala. Ya ɗauka ya duba, sai ya ga nasa ne, wani kore da ya saya ya goge da hannunsa.

Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai duwatsu. Ranar kasuwa yakan je layin masu baza su a kan buhu, ya tsuguna yana jinjinawa, yana shafa musu yawu don launi ya fito. Ya dawo ya shige ɗan ɗakin bayan kicin, injin yanka ya yi ta kuka har la'asar. Ba ya sayarwa, jerawa kawai yake yi a kan katako. 'Yan unguwa suka sa masa Sarkin Tsakuwa, shi kuwa har amsawa yake, don a ganinsa duk garin babu mai idonsa.

Jifa ta ci gaba kullum rana ta faɗi, da duwatsunsa kaɗai, kuma shi kaɗai ake nufi. Ɗaki guda ne aka bari lafiya, na Inna mahaifiyarsa, wadda ciwo ya kwantar, idonta ya tafi, ba ta iya alwala sai taimama da wani dutse mai santsi da ke gefen matashinta. Matar ta ce a kira malam. Maigidan ya ce iska ce kawai. Ta ce, "Ai ni ma abin da nake faɗa ke nan."

Sai da abin ya taɓa Auta, 'yarsu, sannan maigidan ya sauko. Wata magariba tana ɗauke da buta ta sandare, ta zube, ta tashi zaune da muryar da ba tata ba, murya mai kauri irin ta dattijo.

Malam ya zo, ya zauna kusa da kanta yana karatu. Can ya ce, "Wane ne kai, me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba," in ji muryar. "Ni musulmi ne. A ɗakin tsohuwar nan nake zaune, tun tana salla a tsaye nake yin tawa a bayanta. Tambayi wancan ina dutsenta."

Maigidan ya sunkuyar da kai. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wata rana a kasuwa an nuna masa wani dutse da aka raba biyu, waje toka-toka, ciki jan zane kamar wuta. Nan take ya tuna na Inna, don bayansu iri ɗaya. Kwaɗayi ya kama shi. Ya sayi wani mai kama da shi, ya musanya tana barci, ya sa nata a inji. Ciki da waje duk ɗaya, toka zalla. Ya cusa ɓarin biyu ƙarƙashin katako, ya yi shiru da bakinsa.

"Ai na ajiye mata wani," ya ce, da ƙyar ake jinsa.

Muryar ta yi dariya a bakin Auta. "Sarkin Tsakuwa, roba ce aka zuba a cikin yashi aka shafa fenti. Da roba ka bar uwarka take neman tsarki."

Matar gidan ko duban mijinta ba ta yi ba, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Aljanin ya ce sai an farfasa duk abin da ke kan katakon zai fita. Malam ya ce, "Kai ma ka yi zalunci, laifin uba ka ɗora wa 'ya. Rage." Sannan muryar ta ce to maigidan ya je ya faɗa wa tsohuwa da bakinsa, yanzu. Maigidan ya ce ya ji. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido tana tambayar wa ya zubar da ruwan butar.

Ya ɗauko ɓarin biyu, ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa. Bai kai ga buɗe baki ba ya hango shatin tafin hannu a jikin bango, can sama da gadonta, inda ba ta kaiwa sai ta ja jiki da ƙyar. Ashe a nan take taimama.

"Inna, na yi miki laifi."

"Na sani tun ranar," ta ce. "Nawa sanyi gare shi da asuba. Wannan kuwa ko sanyi ba ya ɗauka."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In tona maka asiri a gaban 'yarka?"

Ya sa mata ɓarin a hannu, hawaye na zuba. Ta daɗe tana shafa inda injin ya ci. Ta ajiye ɗaya gefen matashi, ta laluba ta kama hannunsa, ta danƙa masa ɗayan.

"Riƙe wannan," ta ce. "Kai ma za ka tsufa."