Baƙin da Ke Ƙarshen Bututu

Rana ta yi ja a bayan duwatsu, ladanin Yelwa yana gyaran murya, Adawiyya ta tace taliya, ta juye ruwan zafin a sabon sinkin da mahaifinta ya kafa a kicin. Ruwan ya tafi. Can sai ya dawo, baƙi ƙirin, yana wata gurnani. Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya biyo shi.

Mahaifin nata, Malam Gabdo, ya kafa sinkin nan ne bayan sun dawo daga gudun hijira, don matarsa Saude ta huta da ɗaukar bokiti da ciwon bayanta. Bututun ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa tsohon ramin zuba ruwa da ke bayan gidan. Tun daga magaribar nan gidan bai ƙara samun sukuni ba. Zira mai gyaran famfo ya zura waya, ya sake gwiwar bututu, ya tone ya mayar, har ya gaji.

"Baba, bututu ba shi da laifi," in ji Zira. "Wannan ba aikin sifana ba ne."

Takaici ya ishi Gabdo. Mutumin da ya tsira daga harsashi, yau ruwan wanke-wanke ya hana shi sakat. Yana cikin wannan faɗa Adawiyya ta daina cin abinci. Da magariba sai ta je ta zauna a bakin ramin, tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri.

Saude ce ta aiki ɗanta Duvu ya ɗauko Modibbo Hammanjoda, malamin unguwa. Modibbo ya zauna gaban yarinyar yana karatu a hankali. Da ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ce ta fito.

"Ta ƙona mini jika."

"Na ji suna bisimilla kafin su zuba," in ji Modibbo.

"A kicin suke yi! Da, mace takan zo bakin rami ta yi, mu ji mu kauce. Yanzu ruwa kawai muke gani a kanmu."

"To ku tashi. Gidan mutane ne."

"Mu je ina? Tsamiyarmu ta hanyar garin Uba ta ƙone ranar da kuka gudu. Mun tarar da gida ba kowa, rami a bushe."

Gabdo ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya tuna da nasu gudun. Shi ma a Yola wani mutum da bai taɓa sani ba ne ya kwashe buhunan masara daga ɗakin ajiya ya ba su wurin kwana, bai taɓa tambayarsu ranar tafiya ba.

"Ki sakar mini 'yata," ya ce. "Ramin na bar muku."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi jikin uwarta, ta ce yunwa take ji.

Washegari Zira ya toshe bututun da siminti. Gidan ba shi da filin wani ramin, don haka Saude ta koma ga bokitinta, tana dafe da baya, tana kai ruwa kwatar waje, tana ɗaga murya da bisimilla.

Sinkin yana nan yana sheƙi, albasa ake zubawa a ciki. Duk wanda ya tambayi Gabdo yaushe zai gyara, sai ya yi tsaki ya kau da kai.

"Muna da baƙi," yake cewa.